Furoksi da VPN: Wa Ke Riƙe da Sirrinka, Wa Ke Fita Ta Layinka?



Idan ba a manta ba, ranar 4 ga watan Yunin 2021 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ba da sanarwar dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Wani abin ban dariya, a kan Twitter ɗin ne ma'aikatar yaɗa labarai ta Lai Mohammed ta wallafa sanarwar. Washegari kamfanonin waya suka toshe hanya. Ba a je ko'ina ba sai ga mutane sun dawo suna ta rubutu kamar ba a yi komai ba. Wanda ke zaune a Fagge ya zama mutumin Holand, na Tudun Wada ya koma ɗan Kanada, har maganganun siyasar Najeriya suka riƙa tashe a ƙasashen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya yi barazanar gurfanar da masu bi ta bayan fage. An buɗe shafin ranar 13 ga Janairun 2022, a watan Yulin shekarar kuma kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka. A wannan tsakanin ne talakawanmu da yawa suka fara jin haruffan nan uku na VPN. To yau a kansa za mu yi magana, shi da yayansa da ake kira furoksi, domin akwai kasuwa babba da ake ci a bayansu, kuma hajar da ake sayarwa a cikinta wani lokaci layin mai sauraro ne.

Duk wayar da ta hau intanet, ko kwamfuta, kamfanin da ya ba ta layi yana liƙa mata wata lamba da ake kira adireshin IP. Ba don ita ba, shafin da ka nema ba zai san inda zai maido maka da amsa ba. Amma da ita ce kuma yake gane ƙasarka da kamfanin layinka, sau da yawa har da garin da yake kyautata zaton kana ciki. Shi ma kamfanin layin yana ganin shafukan da kake nufa da lokacin da ka nufe su, kuma tun da aka fara haɗa layukan waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, ba ya ko shakkar wane ne mai layin. Ke nan ido biyu ne a kanka, na gaba da na baya.

Furoksi kwamfutar wani ce, ko ta wani kamfani, tana iya zama a Legas, tana iya zama a Jamus, da ke shiga tsakaninka da shafin da kake nema. Ka ɗauka uwargida ce take son wani abu a kanti, ba ta kuma so mai kanti ya san ita ce. Sai ta kira yaron maƙwabta ta ba shi kuɗi da saƙo. Mai kanti fuskar yaro ya gani, yaro ya miƙa wa kaya. Aikin furoksi ke nan, ba ƙari. Sai dai ku lura da wurin da masu talla ke tsallakewa. Yaron ya san gidan da ya fito, ya san abin da aka aike shi ya sayo, ya san nawa aka ba shi, kuma idan ba a ƙulle ledar ba zai iya leƙawa a hanya, ko ya ɗebi wani abu ya sa wani. Sirrin uwargida yana nan, hannu kawai ya sauya, daga na mai kanti zuwa na yaro. Akwai ma yaron da da isarsa kanti zai ce, "Hajiyar gidan kwana ce ta aiko ni." Haka wasu furoksin suke, suna rubuta adireshinka na asali a saman saƙon, a wani layi mai suna X-Forwarded-For, shafin ya karanta abinsa. Irinsu ne makarantu da ofisoshi suka fi sakawa, don dama ba ɓoye kowa aka kawo su yi ba, tace abin da ake kallo aka kawo su yi.

Bambancin VPN da furoksi na yau da kullum shi ne, furoksi galibi manhaja ɗaya yake yi wa aiki, kamar burauza, kuma ba lallai ya kulle saƙon ba. VPN kuwa yana tattara duk abin da ke fita daga wayar ya kulle shi, har ya isa kwamfutar kamfanin VPN ɗin. Kamfanin layinka zai ga kana magana da wata kwamfuta a Jamus, amma ba zai ga abin da ke ciki ba. Da saƙon ya isa can, sai a buɗe kullin a tura shi gaba. Wanda ke zaune a can ɗin yana ganin inda za ka.

Asalin abin ma ba don ɓuya aka yi shi ba. A 1994, a cibiyar bincike ta CERN, inda aka ƙirƙiri shafukan yanar gizo, an gina furoksi ne don ma'aikatan da ke bayan katangar tsaro su samu fita, a kuma ajiye kwafin shafukan da ake yawan nema don kada a yi ta jawo su daga nesa. Manhajar Squid da ta fito a 1996 aikinta ke nan, kuma wuraren kafe na intanet da dama sun dogara da ita a zamanin da layi ke tafiyar hawainiya. Mu ma a nan mun daɗe muna cin moriyar furoksi ba mu sani ba. Duk wanda ya riƙe ƙaramar Nokia ya buɗe Opera Mini, furoksi ya hau. Kamfanin na ƙasar Norway shi ke ɗauko shafin a kwamfutocinsa, ya matse shi har ya rage kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa, sannan ya turo maka. Su ma samarin da suka yi zamanin "cit" za su tuna yadda ake zagaye mai waya ɗaya a bakin shago, yana karanto lambobi huɗu masu ɗigo a tsakani, kowa na dannawa a saitin, a ƙarasa da 8080, a yi ta shiga intanet kyauta har ranar da kamfanin layi ya farga ya toshe ƙofar. Waɗannan lambobi adireshin furoksi ne. Ba wanda ya taɓa tambayar kwamfutar waye.

Wannan tambayar ita ce gaba ɗaya maganar. Yau yawancin shafuka suna da ɗan kwaɗon nan na HTTPS, wanda ke hana na tsakiya karanta kalmar sirrinka ko saƙonka. Alhamdulillahi, wannan ci gaba ne. Amma na tsakiyan har yanzu yana ganin sunan shafin, da lokaci, da yawan abin da ya wuce, da adireshinka na gaskiya. Wanda ya san ka shiga shafin asibitin wata cuta da ƙarfe biyun dare, ya san ka buɗe shafin lauyoyi washegari, ai ba ya buƙatar karanta wasiƙarka.

Kowane kamfani zai ce maka ba ya ajiye komai. Bari mu duba abin da ya faru a aikace. A 2011 hukumar FBI ta kama wani matashi cikin ƙungiyar masu kutse ta LulzSec kan kutsen da aka yi wa kamfanin Sony Pictures. Ya yi amfani da wani kamfanin ɓoye adireshi na Ingila mai suna HideMyAss, kotu ta nemi bayanai, kamfanin ya miƙa. Ni ban ga laifin kamfanin ba a nan, kuma ban tausaya wa mai kutse ba. Abin lura shi ne rajistar tana nan, an kuma buɗe ta. A 2013 Facebook ya sayi wata manhajar VPN ta kyauta mai suna Onavo. Mutane na ganin kariya suka samu, alhali kamfanin yana amfani da ita ne yana auna manhajojin da suke buɗewa da tsawon lokacin da suke ɓatawa a kansu, don ya san abokan hamayyar da ke tasowa. An fitar da ita daga kasuwar manhajoji ta Apple a 2018, aka rufe ta a 2019. A watan Yulin 2020 kuma masu bincike suka tarar da rumbun bayanai a buɗe, ba ko kalmar sirri, na wasu manhajojin VPN bakwai na Hong Kong, ciki har da UFO VPN. Dukkansu suna tallar cewa ba sa ajiye komai. A ciki aka samu adiresoshin mutane, da imel, da kalmomin sirri, da tarihin inda suka shiga. Kwamfutoci a ƙasashe goma ko ashirin kuɗi ake biya a riƙe su, wuta da layi ba sadaka ba ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai waɗanda suka ɗauki wannan matsala da muhimmanci suka nema mata magani, su ne masu Tor. Tunanin ya samo asali ne a tsakiyar shekarun 1990 a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka, manhajar ta fara aiki a 2002, a 2006 aka kafa ƙungiya mai zaman kanta da ke kula da ita. Dabarar ita ce kada a ba mutum ɗaya duka sirrin. Saƙonka zai bi ta kwamfutoci uku na 'yan sa-kai, an kulle shi sau uku. Ta farko ta san ka amma ba ta san inda za ka ba. Ta ƙarshe ta san inda za a je amma ba ta san daga wa ba. Ta tsakiya ba ta san ko ɗaya ba. 'Yan jarida da masu tona asirin ɓarna suna amfani da shi, BBC ma ta buɗe shafinta a kansa a 2019 saboda masu karatu a ƙasashen da ake toshe ta. A ganina shi ne mafi gaskiya a cikin duk kayan nan, ko da yake yana da nawa.

Duk da haka, a 2007 wani mai bincike ɗan Suwidin, Dan Egerstad, ya kafa 'yan kwamfutoci a matsayin ƙofar fita ta Tor, ya zauna yana kallon abin da ke wucewa ba a kulle ba. Ya fito da kalmomin sirrin akwatunan imel 100 na ofisoshin jakadanci da hukumomin gwamnatoci daban-daban. Sai kuma labarin wani ɗalibin jami'ar Harvard a watan Disamban 2013, wanda ya aika da barazanar bam ta ƙarya don a ɗage jarrabawa. Ya bi ta Tor, ya yi amfani da imel na wucin gadi, a zatonsa ya gama. Sai dai da layin makaranta ya hau. Jami'a ta duba rajistarta ta ga waɗanda suka taɓa Tor a sa'o'in da suka gabaci saƙon, aka je aka ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya amsa laifinsa. Ba a fasa Tor ba, ba a ma buƙaci a fasa ba.

Abin da ya fi tona asirin mutum halinsa ne. Ka kunna VPN, ka shiga Facebook da sunanka da lambar wayarka, to wa ka ɓoye wa? Akwai 'yan alamomin da shafuka ke ajiyewa a burauza, da ake kira kukis, suna nan ko ka sauya adireshi sau goma. Akwai kuma abin da ya fi wannan. Burauzarka tana gaya wa shafi irin wayarka, girman fuskarta, harshen da ka zaɓa, agogon yankinka, irin rubutun da ke cikinta. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma idan aka haɗa su sai su ware ka daga taro. Ƙungiyar EFF ta Amurka ta gwada wannan a 2010 a kan burauza kusan 470,000, ta tarar sama da kashi 80 cikin ɗari ba su da na biyu. Mai adireshin Chicago da agogon Afirka ta Yamma a wayarsa, ga kuma Tecno a hannu, ai ya gama gabatar da kansa.

Sannan furoksi ba ya haifar da layi inda babu. Lokacin da aka katse sadarwa a Zamfara a farkon Satumban 2021, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, ba VPN ɗin da ya yi wa kowa rana. Haka a Nijar bayan zaɓen Fabrairun 2021, da aka kashe intanet ɗin waya na kimanin kwana goma. A yankin masu Ingilishi na Kamaru a 2017, mutane mota suka riƙa hawa zuwa garuruwa irin su Duwala don su aika saƙo. A Chadi ne, inda aka toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 aka bar sauran layin, VPN ya yi amfani.

Yanzu mu juya ga inda kuɗin yake. Ni da kai da ke son leƙa shafin da aka toshe, ƙananan kwastomomi ne. Manyan masu sayen furoksi su ne masu bot, wato manhajojin da ke shiga shafuka da kansu, su danna, su cike fom, su kwashi bayanai, ba hannun mutum. Kamfanin tsaro na Imperva ya ƙiyasta cewa a 2024 kashi 51 cikin ɗari na zirga-zirgar shafukan intanet na irin waɗannan manhajoji ne. Mutane sun koma marasa rinjaye a gidansu.

Ba duka ne miyagu ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Da bot Google ke zagaya shafuka, da shi kake samun amsa idan ka yi bincike. Da shi ake kwatanta farashin tikitin jirgi, da shi ake adana tsofaffin shafuka don tarihi. Kayan aikin ma a fili suke, kyauta: Selenium tun 2004, Puppeteer na Google a 2017, Playwright na Microsoft a 2020, kuma an yi su ne don mai gina shafi ya gwada aikinsa. Tun 1994 akwai wata 'yar yarjejeniya ta mutunci, wani ƙaramin fayil mai suna robots.txt, inda mai shafi ke rubuta ɗakunan da ya yarda bot ya shiga da waɗanda bai yarda ba. Bot mai mutunci yana faɗin sunansa, ya karanta wannan takarda, ya yi aikinsa a hankali.

Matsalar tana farawa ne idan mai shafi ya ce a'a. Shafi yana ƙirga buƙatun da ke zuwa daga kowane adireshi. Idan ya ga dubu a minti ɗaya daga wuri guda, ya san ba ɗan Adam ba ne, sai ya rufe ƙofa, ko ya jefo wannan jarrabawar ta zaɓo hotunan da ke da babur ko fitilar hanya. Sai mai bot ya sayi furoksi dubu, kowace buƙata ta fita ta wani adireshi dabam. Masu shafi suka gane cewa adiresoshin manyan rumbunan kwamfuta irin na Amazon da Google da Microsoft sanannu ne, suka toshe su a dunƙule. Sai kasuwa ta koma neman adiresoshin gidajen mutane, waɗanda ba a bambanta su da na mai saye na gaskiya. Mafi tsada a cikinsu na layin waya ne, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Tsohon tsarin adireshi na IPv4 guda biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbunsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Don haka kamfanonin waya ke haɗa ɗaruruwa ko dubban kwastomomi a kan adireshi ɗaya. Mai shafi yana tsoron toshe irin wannan adireshi, don idan ya toshe ɓarawo ɗaya ya kori masu gaskiya dubu. Ɓarawon kuwa wannan tsoron yake saye.

An ga ƙarfin abin a watan Nuwamban 2022, lokacin da aka buɗe sayar da tikitin wasan mawaƙiya Taylor Swift. Kamfanin Ticketmaster ya ce buƙatu biliyan 3.5 suka afka wa shafinsa, ninki huɗu na mafi yawan da ya taɓa gani, ya ɗora wani ɓangare na laifin kan bot, maganar ta kai har gaban majalisar dattawan Amurka. Wannan tikitin waƙa ne. Ka sa gurbin ganawar neman biza a madadinsa, ko gurbin cike fom ɗin aiki, za ka gane yadda wanda ke da manhaja zai kwashe komai cikin daƙiƙa, ya dawo yana sayar wa wanda ya kwana yana danna waya. Ta fuskar shari'a kuwa abin bai gama zama ba ko a Amurka: kamfanin hiQ ya yi nasara a kan LinkedIn a kotun ɗaukaka ƙara kan kwasar bayanan da ke fili, amma daga baya aka same shi da saɓa sharuɗɗan shafin, yayin da a Janairun 2024 wani alƙali ya ba kamfanin Bright Data gaskiya a kan Meta, mai Facebook.

To daga ina miliyoyin adiresoshin gidaje ke fitowa? Nan ne nake so a kasa kunne. A 2015 aka gano cewa manhajar VPN ta kyauta mai suna Hola, ta wani kamfanin Isra'ila, tana sayar da layin masu amfani da ita ta hannun wani reshenta mai suna Luminati, wanda shi ne ya koma Bright Data ɗin da na ambata. Kai kana fita ta layin wani, wani yana fita ta naka, kamfani na karɓar kuɗi a tsakiya. Asirin ya tonu ne bayan an yi amfani da hanyar an kai wa wani shafi hari. Wannan ma da sauƙi. A watan Mayun 2024 ma'aikatar shari'ar Amurka ta sanar da rushe wata hanyar furoksi mai suna 911 S5, aka kama wani ɗan ƙasar Sin a Singafo da ake zargin shi ne mai ita. Adiresoshi miliyan 19 ne a ƙasashe kusan 200. An tara su ne ta manhajojin VPN na kyauta irin su MaskVPN da DewVPN da ShineVPN. Hukumomi sun ce ta cikin layukan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba aka shigar da takardun bogi na neman tallafin rashin aiki a lokacin korona, asarar ta haura dala biliyan 5.9, shi kuma mutumin ya tara kimanin dala miliyan 99. Duk wanda ya bi sawun wannan zamba, ƙofar da zai fara isa ta mai kwamfutar ce da ya sauke manhaja don ya kalli fim.

Ba manhaja kaɗai ba, har na'ura. A watan Yunin 2025 FBI ta yi gargaɗi kan abin da ake kira BadBox 2.0: 'yan akwatunan talabijin masu Android da allunan hannu masu araha, marasa sanannen suna, da ke fitowa daga masana'anta da cutar a cikinsu. Da ka haɗa su da layin gida, sun zama furoksin wani. Google ya shigar da ƙara a kai, ya ce na'urorin sun haura miliyan 10. Irin waɗannan akwatuna da ake yi wa talla da cewa duk tashoshin ƙwallo kyauta ne, ba baƙi ba ne a kasuwanninmu.

Akwai kuma waɗanda ke sayar da layinsu da saninsu. Manhajoji irin su Honeygain da EarnApp, da Grass da ya yi tashe a wurin 'yan mainin na kirifto a 2024, ba su ɓoye sana'arsu ba: ka ba su layinka, su biya ka. Ƙanena mai mainin, zauna ka yi lissafi. Kamfanonin furoksi suna sayar da gigabait ɗaya a kan daloli, kai ana ba ka 'yan sentoci, alhali da ɗaruruwan naira ka sayi gigabait ɗin, ballantana bayan ƙarin kuɗin da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Ko da lissafin ya fita, ba kai ke zaɓen wanda zai bi ta layinka ba, ba ka san inda ya nufa ba, kuma layin da NIN ɗinka aka yi masa rajista.

Zan yi adalci ga matasanmu ta wata fuska. Shafuka da dama na neman aiki da biyan kuɗi suna rufe wa adireshin Najeriya ƙofa gaba ɗaya, laifin 'yan tsiraru ya shafi kowa. A watan Maris 2024 shafin Remotasks ya sallami ma'aikatansa na Najeriya da Kenya da Pakistan, mutanen da ke cin abinci da wannan aiki suka wayi gari ba shiga. Wanda aka yi wa haka, idan ya ari adireshin Texas, na san abin da ya kai shi. Sai dai ya sani, ranar da aka gano, asusun ne ake rufewa da kuɗin wata guda a ciki, ba kuma wurin kai kuka, tun da shi ya fara saɓa sharaɗi. Masu buɗe asusu hamsin don cin kyautar kirifto kuwa sun gani a wasan kirifto na Hamster Kombat, da aka kori asusu sama da miliyan biyu kafin rabo.

Ga masu koyon rubuta manhaja a Kano da Zariya da Kaduna da Yamai, ku koyi sarrafa burauza, sana'a ce mai kyau da ake nema. Amma ku fara duba ko shafin yana da ƙofar da ya ware wa manhajoji, wadda ake kira API. Ku karanta robots.txt, ku sa tazara tsakanin buƙata da buƙata. Ku bar sunayen mutane da lambobin wayarsu, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk mai tara su, dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024 kuma ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini, ko ta ƙofa nawa ka zagayo.

Sauran masu sauraro, bayan wannan shiri ku ɗauki wayar ku buɗe saitin, ku je wurin da ke nuna datar da kowace manhaja ta ci. Ba kan gaba-gaba za ku tsaya ba, waɗannan kun san su. Ku gangara ƙasa. Idan kuka ga manhajar tocila, ko ta goge shara, ko wani VPN da kuka manta da shi, ta ci ɗaruruwan megabait a bayan fage alhali ba ku buɗe ta ba, ku cire ta. Ku dubi saman fuskar wayar, idan ɗan makullin nan na VPN yana nan kuma ba ku kuka kunna ba, ku bincika. Duk manhajar da ta ce sai kun saka wata takardar shaida ta tsaro kafin ta yi aiki, ku ƙi, don da wannan ne na tsakiya ke iya buɗe ko abin da kwaɗon HTTPS ya kulle. Wanda aikinsa ke buƙatar VPN da gaske, ɗan jarida ne ko ɗan kasuwa, ya nemi wanda aka san masu shi da ƙasar da yake, wanda masu bincike na waje suka duba, ya biya kuɗinsa, ya kuma kashe shi kafin ya buɗe manhajar banki.

Kira na musamman ga 'yan uwanmu masu gyara da loda waya, na Farm Centre a Kano da na sauran kasuwanni. Dattijo ko uwa idan suka miƙo muku sabuwar waya suka ce a sa musu abubuwa, amana suka ba ku, ba su san abin da ke shiga ba. Don Allah ku tsaya ga kasuwar manhajoji ta hukuma, ku bar tura musu fasassun manhajoji da VPN na kyauta daga kwamfutar shago. Layin da sunansu yake, su za a nema.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya sake haɗa mu, a huta lafiya.